Ku cire Mama daga bakinku, ba ta da abin tuba a wannan maganar

Kwana uku ke nan ina danne zuciyata, nace bari in yi shiru tunda akwai manya a ikilisiya, amma jiya da daddare da aka turo min abin da yaron nan, matashin Fasto ɗan ikilisiyarmu, ya sake rubutawa, wai yana nan kan bakansa, wai dattawa su kira Mama, tsohuwar nan tamu da ta ba da shaidar yadda ta yi wa mahara ƙarya don ceton yara, su zaunar da ita ta tuba kafin ta sake kusantar jibin Ubangiji, barci ya gagare ni har asuba. To zan faɗa kowa ya ji. Mama ba ta da abin tuba a wannan maganar, ko kaɗan, kuma wanda ya kamata ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri shi ne wanda ya ɗauki shaidar tsohuwa ya mai da ita darasin wa'azi a Facebook.

Duk kuna wurin ranar Lahadin godiya, kun ji da kunnenku. Mace ta haura saba'in, cikin dare ana harbi, ta ɗaga yara biyar ɗaya bayan ɗaya ta zura su cikin rumbu, biyu jikokinta uku na maƙwabta, ta mayar da murfi, ta dawo ta zauna a bakin ƙofa. Aka ɗora mata bindiga a ƙirji aka ce ina yaran gidan nan, tace sun gudu ta bakin rafi tun da aka fara harbi. Yaran nan biyar suna raye yau, ɗaya ma ita ce ta riƙe mata makirfo lokacin da hannunta ke rawa. Majami'a gaba ɗaya ana hawaye, zumuntar mata ta tashi da waƙa, shi kuma ɗanmu abin da ya tsinta a cikin duk wannan shi ne wai an tafa wa ƙarya a gaban bagade. Haba ɗana. Haba.

Yace ƙarya ƙarya ce, babu babba babu ƙarama, doka ta tara ta hana. To mu buɗe dokar ta taran mana, ai ba a ɓoye take ba, Fitowa 20:16, kada ka yi shaidar zur a kan maƙwabcinka. A KAN maƙwabcinka. An ba da dokar ne don kada bakinka ya zama wuƙar da za a yanka maƙwabcinka da ita, don kada ka tsaya gaban alƙali ka ɗora wa marar laifi abin da zai sa a ƙwace gonarsa ko a jefe shi, kamar yadda Yezebel ta sayi 'yan iska biyu suka yi wa Nabot saboda gonar inabi. Yanzu ku gaya min, a wannan daren su waye maƙwabtan Mama? Yaran da ke cikin rumbu suna toshe wa juna baki don kar wani ya yi tari. Da ta nuna rumbun da yatsa, bakinta ne zai zama wuƙar. Wato kuna so ta cika harafin dokar ta hanyar aikata ainihin abin da dokar ta zo ta hana, ni kam ban san wane irin karatu ne wannan ba.

Kuma ba yau aka fara ba, Littafi Mai Tsarki cike yake da matan da suka tsaya a irin wannan ƙofar. Shifra da Fu'a, ungozoman Ibraniyawa, Fir'auna yace duk ɗa namiji a kashe shi a kan gwiwa, suka ƙi, da ya kira su suka ce ai matan Ibraniyawa ƙarfi gare su kafin mu iso sun haihu. Me nassi yace ya biyo baya? Allah ya yi musu alheri, ya ba su iyali nasu, je ka karanta Fitowa 1 aya 20 da 21. Rahab ta ɓoye 'yan leƙen asiri a kan soro ƙarƙashin karan rama, ta ce wa manzannin sarkin Yariko sun fita kafin a rufe ƙofar gari ku bi su da sauri, sunanta yana cikin Ibraniyawa 11 tare da su Ibrahim da Musa, yana cikin asalin Yesu a Matiyu 1, Yakubu kuma da ya zo ba da misalin bangaskiya mai aiki ita ya ɗauko, har ya ambaci cewa ta fitar da su ta wata hanya dabam. Amma wadda ta fi tsaya min a rai ita ce matar Bahurim, 2 Sama'ila 17, ko sunanta ba a rubuta ba. Jonatan da Ahimawaz suna kai wa Dawuda saƙo, mutanen Absalom suna bin sawunsu, suka faɗa rijiyar gidan, matar ta ɗauko abin rufi ta shimfiɗa a bakin rijiyar ta baza ɓarzajjen hatsi a kai kamar mai shanya, da aka tambaye ta tace sun haye rafi. Rafi fa! Kusan kalmar da Mama ta faɗa ke nan, ita da ba ta taɓa zama a aji ba balle ta san akwai wani wuri wai shi Bahurim. Saƙon ya isa, Dawuda ya haye Urdun kafin gari ya waye. Ku nuna min ayar da aka ce an kira matar nan gaban dattawa.

Na san amsar da za a ba ni, an riga an ba ni ita sau goma. Wai Allah ya yaba bangaskiyarsu ne da tausayinsu, bai yaba ƙaryar ba. Na sani, kuma na san daga ina ta fito, wannan maganar Augustine ce, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rubuta kan ƙarya wajen shekara ta 395 ya sake rubutawa wajen 420, ya tsaya kai da fata cewa ba a yin ƙarya ko don ceton rai. Ban raina shi ba, uba ne a ikilisiya kuma ɗan nahiyarmu ne. Amma ku da kuke ɗauko shi ku ɗauko shi gaba ɗaya. Shi kansa ya kasa ƙarya kashi takwas, ya ajiye irin wadda ba ta cutar da kowa kuma take ceton wani a can ƙasa, bai taɓa ɗora ta a sikeli ɗaya da ta mai shaidar zur ba, to ina aka samo babu babba babu ƙarama? Sannan misalin da ya kawo shi ne na wani bishop na garinsu Tagaste mai suna Firmus, wani ya gudo ya ɓuya a wurinsa, 'yan sarki suka zo, yace ba zan yi ƙarya ba kuma ba zan ba da shi ba, aka azabtar da shi bai buɗe baki ba. Madalla da Firmus. Amma ku lura da abu guda, jikin wa aka daka? Nasa. Shi ya zaɓi hanyar, shi ya biya. Kuma ko a zamanin ba kowa ne ya bi Augustine ba, Yahaya Kirisostom na Kustantiniya bai yarda cewa kowace dabara zunubi ce ba, shekara fiye da 1,500 manyan malamai suna wannan jayayyar ba su gama ba, sai yanzu yaro zai gama ta da rubutu ɗaya a kan tsohuwar da ba ta da waya balle ta ba shi amsa.

Wannan ne abin da nake ta faɗa ba a ji. Akwai gaskiyar da kai za ka biya kuɗinta da jikinka, akwai kuma wadda ɗan wani ne zai biya da jininsa, kai ka koma gida kana cewa hannuna tsabta. Ta farko ita ce ta shahidai. Ta biyu ban san sunan da zan kira ta ba amma dai na san ba tsarki ba ce.

Wai da ta yi shiru kawai. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa gaban mai bindiga ba, Allah ya sa kar ya taɓa tsayawa. Gida ne na ƙauye, ɗaki biyu da rumbu da turken awaki, in tsohuwa ta yi shiru ta sunkuyar da kai ai ta riga ta ba da amsa, minti nawa zai ɗauke su su ɗaga murfin rumbu? A wurin shiru ma nuni ne. Wai kuma da ta faɗi gaskiya ta dogara ga Allah, zai iya makantar da su. Zai iya mana, wa ya ce ba zai iya ba. Amma su Shadrak da Meshak da Abednego da kuke kawowa cewa suka yi Allahnmu yana da ikon cetonmu, ko da bai cece mu ba ba za mu yi sujada ga gunkin ba, kuma jikinsu suka miƙa wa wutar, ba su tura 'ya'yan maƙwabta ciki don su gwada ko mala'ika zai zo ba. Da Shaiɗan ya ce wa Ubangiji faɗo daga kan Haikali ai mala'iku za su tare ka, har aya ya kawo masa, kun san amsar da ya samu. Sannan wa ya gaya muku ba Allah ne ya sa maganar rafin a bakinta ba? Ita dai tace ba ta san lokacin da maganar ta fito ba, ni kuwa na yarda da ita.

Sai kuma babbar tuhumar, wai mu masu kāre Mama mun faɗa cikin wata koyarwa da ya koyo sunanta da Turanci a makarantar tauhidi, ma'anarta dai wai daidai da kuskure duk ya danganta da halin da mutum ya samu kansa. Ɗana, na san ta tun kafin a haife ka. Wani firist ne ɗan Amurka, Joseph Fletcher, ya fito da ita a 1966, yace doka ɗaya ce tak ba ta canzawa wato ƙauna, sauran duk ana iya ajiye su in ƙauna ta bukata, har da zina har da kisa, kuma daga baya shi kansa ya bar bangaskiyar. Ban yarda da shi ba, ban taɓa koyar da haka ba a duk shekarun da na yi a makarantar Lahadi. Kalmar ƙauna in ba ta da shinge kowa zai shigo da akuyarsa ta ciki, mai bin matar wani zai ce ƙauna ce, mai satar kuɗin baiko zai ce ƙaunar iyalinsa ce. 'Yan'uwanmu Katolika ma Paparoma John Paul na biyu ya rubuta musu a 1993 cewa akwai ayyukan da mugunta ce a kan kansu, babu niyya ko yanayin da zai wanke su, kuma a nan ina tare da shi. Akwai abin da ba a yi ko sama za ta faɗo. Ba a musun Almasihu. Ba a yi wa mace fyaɗe. Ba a yanka marar laifi. Leah Sharibu tana da shekara 14 aka kwashe su daga makarantar Dapchi a 19 ga Fabrairu 2018, bayan wata ɗaya aka dawo da sauran aka riƙe ta don ta ƙi barin bangaskiyarta, ni ba zan taɓa cewa da ta furta da baki kawai ta riƙe a zuci ba, ina kuka in na tuna ta amma ba zan faɗa ba. To ku dubi banbancin mana, Leah ita ta ɗauki nauyin, kanta ta ba da. Mama kuma kuna so ta ba da yara biyar da ba a tambaye su ba don ta tsira da sunan ban taɓa ƙarya ba. In mutum bai ga banbanci tsakanin waɗannan biyun ba to ya rufe littattafan ya je ya zauna da gwauraye wata ɗaya.

Ƙin miƙa marar laifi ga mai kisa ai shi ma doka ce da ba ta canzawa, wannan ne kuka manta. Mama doka ta riƙe, babbar, a lokacin da biyu suka yi karo a bakin ƙofarta kuma babu wanda zai ba ta minti ɗaya ta yi tunani. Ubangiji da bakinsa yace akwai al'amura mafi nauyi na Shari'a, gaskiya da jinƙai da aminci, in akwai mafi nauyi ai akwai marar nauyi. Shi ne ya tuna wa Farisiyawa Dawuda da ya ci gurasar ajiyewa da yunwa ta kama shi, shi ne yace an yi Asabar domin mutum. Ko shi ma za ku ce ɗalibin Fletcher ne?

A Holan lokacin Hitler akwai wani gidan masu gyaran agogo a garin Haarlem, iyalin ten Boom, masu bi na ƙwarai masu karanta nassi safe da yamma, suka gina bangon ƙarya a ɗakin kwana suna ɓoye Yahudawa, suna neman katin rabon abinci ta bayan fage don ciyar da su. A 28 ga Fabrairu 1944 aka kama su, aka mari Corrie, ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan, ana tambayarta ina Yahudawan tace ba ta san zancen ba, mutum shida suna tsaye a bayan bangon kuma ba a gan su ba. Babansu tsoho mai shekara 84 ya mutu a tsare cikin kwanaki kaɗan, yayarta Betsie ta mutu a sansanin Ravensbrück. Duk faston da ke garin nan ya taɓa ba da labarin Corrie a kan mumbari ana cewa amin. Tata ta zama bangaskiya don Baturiya ce kuma an buga a takarda, ta Mama ta zama zunubi don da Hausa ta faɗa tana ɗaure da zanen zumunta? Ko nan kusa, a Yunin 2018 a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutanenmu 262 a masallaci da gidansa ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su, duk mun yi masa godiya kuma ya cancanta, ban ji wani fasto ya je ya zaunar da shi yana tantance kalmomin da ya faɗa wa maharan ɗaya bayan ɗaya ba. Tamu ce kawai muke iya yi wa haka saboda ba ta da mai tsaya mata.

Abin da ya fi ƙona min rai ma shi ne ƙaryar da ke cin ikilisiya da gaske babu mai rubutu a kanta. Mutum nawa ne a bencinmu suka je kotu suka yi rantsuwar rage shekaru don kar ritaya ta kama su, har ka ga ƙane ya girmi yayansa a takarda? Iyaye nawa ne suke biyan kuɗi a kai yaro makarantar da ake rubuta masa amsa a allo ranar jarrabawa, sakamako ya fito su zo gaba da ambulan suna rawa wai Allah ya yi? Rasit na siminti da aka ƙara wa sifili a kwamitin gini fa, da adadin masu sujada da ake kumburawa a rahoton da za a aika sama? Wannan ita ce ƙaryar Hananiya da Safiratu, ƙaryar kuɗi da neman suna a cikin taron masu bi, kuma ita ce aka fitar da gawa biyu a kanta a Ayyukan Manzanni 5. In ana neman masu cewa ya danganta da hali to ga su nan, su ne za su ce maka ai Najeriya ce, in ba ka yi haka ba ba za ka ci abinci ba. Su ba a kiran su gaban dattawa, wasu ma su ne dattawan. Ana tace sauro ana haɗiye raƙumi, Matiyu 23:24, ba ni na faɗa ba.

Ɗana Fasto, ba ƙinka nake yi ba, ina wurin ranar da aka yi maka baftisma, kuma na san kishin gaskiya ne ya tura ka, ƙasar nan tana bukatar matasa masu ƙyamar ƙarya irinka. Amma bari in gaya maka abin da rubutunka ya yi. Wani ya karanta mata. Shekaranjiya ta zo gidana da sandarta, ta zauna a ƙasa ta ƙi hawa kujera, tace min wai an ce akwai aya a Wahayin Yahaya cewa rabon maƙaryata tafkin wuta ne, to ita in ta mutu yanzu ina za ta? Matar da ba ta yi kuka ba lokacin da bindiga ke ƙirjinta, a tsakar gidana take share hawaye da bakin zane. Tace in laifi ne ita dai a yafe mata amma ko yau suka dawo haka za ta sake faɗa. Na rasa abin da zan ce, na riƙe hannunta muka karanta labarin ungozoman nan tare, sau biyu ta sa na maimaita mata wurin da aka ce Allah ya yi musu alheri. Ka je ka same ta. Ba sai ka canza tauhidinka ba, ka riƙe Augustine ɗinka in kana so, amma ka je ka gaishe ta ka gaya mata teburin Ubangiji nata ne. Dattawa kuma ina roƙonku da girman Allah kada wannan maganar ta shiga ajandar zamanku na wata, in ta shiga zumuntar mata za ta zo gaba ɗaya ta zauna a bencin baya tare da ita, mun riga mun yi magana.

Wani abin kuma, tunda kowa ya sami bakin magana a kan Mama, mutum nawa ne suka san har yau ɗakinta babu rufi? Da maharan suka rasa yaran ai wuta suka cinna wa ɗakin kafin su wuce, a gidan ƙanwarta take kwana ita da jikokin, damina kuma ga ta nan tafe, ƙaramin cikinsu har yanzu in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin gado. An tara kuɗin sabon zanen taron shekara cikin sati biyu ba a sha wahala ba, maganar kwano bandir biyu da katako kuwa tun bara ana cewa kwamiti zai duba. Ni dai ranar Asabar da safe zan je da kafinta ya auna, wanda zai iya ba da ko falle ɗaya ne ya same ni bayan sujada a bakin ofishin zumunta, kuma don Allah samarin da suka iya aikin rufi ku zo da guduma da ƙusa naku, na majami'a tun aikin ɗakin fasto ba a dawo da su ba.